Wai da gaske ne ɗaga ƙarfe na hana yaro tsawo?

Ummu_Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah ina neman shawarar masu sani. Yarona shekararsa 14, yana aji uku a ƙaramar sakandare, a Tudun Wada muke. Tun hutun da ya wuce ya shiga harkar ɗaga ƙarfe shi da abokansa. A wani kango bayan layinmu suke yi, sun cika gwangwanayen fenti da siminti sun soka bututun ƙarfe a tsakani, da an yi la'asar sai can. Ƙanin mahaifinsa ya zo ya ce in ba mu hana shi ba ƙarfen zai danne shi ya tsaya a inda yake. Ni kuma abin da na gani da idona shi ne ya rame, ƙashin wuyansa duk ya fito, ko da yake damtsensa ya yi tauri. Yaron kuwa ba shi da buri sai aikin soja, kun san kuma ana auna tsawo. To tambayata biyu ce: da gaske yana hana tsawo? Sannan ramar nan daga ƙarfen take?

Bazazzagi77:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki hana shi tun wuri. Kawunsa ya yi gaskiya. Ki zo Sabon Gari ki ga masu ɗaga ƙarfe, yawancinsu gajeru ne masu faɗin ƙirji. Mun taso da wasu tare, mun wuce su a tsawo sun tsaya. Yaro ɗanye bai kamata ya ɗora wa ƙashinsa nauyi ba. In ya kai 20 sai ya yi abin da yake so.

Dogon_Samaru:
Ni kuwa ina da shekara 15 na fara, da irin wannan simintin ma, yanzu tsawona mita 1.86. Mahaifinmu dogo ne, yayyena da ba su taɓa ƙarfe ba duk tsawonmu kusan ɗaya. Gado ne, Malam.

Bazazzagi77:
@Dogon_Samaru ai ba ka san inda za ka kai ba da ba ka ɗaga ba. Wataƙila da ka fi haka.

Malamin_Wasanni:
Salamu alaikum. Ina koyar da darasin motsa jiki a wata sakandare nan Zariya, kuma wannan tambaya duk shekara sai iyaye sun kawo min ita. @Bazazzagi77, abin da ka gani gaskiya ne, gajeru sun yi yawa cikin gwanayen ɗaga ƙarfe, amma dalilin da ka ba shi ne na ƙi yarda da shi. A gasa, da nauyin jiki ake raba mutane aji-aji. In ka haɗa gajere da dogo masu kilo ɗaya, gajeren ya fi tsoka a dunƙule, kuma tazarar da ƙarfen zai yi daga ƙasa zuwa saman kansa ta fi gajarta. Shi ya sa yake cin nasara, ya ji daɗin wasan, ya dawwama a ciki, dogon kuma ya koma ƙwallo. Akwai wani ɗan Turkiyya, Na'im Sulaimanoglu, tsawonsa mita 1.47 kacal, ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988 da 1992 da 1996. A ta 1988 yana ajin kilo 60 ya ɗaga kilo 190 sama da kansa. Gajartarsa ce ta ba shi dama a wasan. Haka 'yan ƙwallon kwando da ke wasa a jami'a a Samaru, dogaye ne tun kafin su taɓa ƙwallon, tsawon ne ya sa koci ya jawo su.

Fisiyo_Zazzau:
Na gode Malam, ka rage min aiki. Ni aikina gashin ƙashi da tsoka ne a asibiti, bari in yi bayanin yadda tsawo yake zuwa, daga nan kowa zai gane inda haɗarin yake da inda babu.

Dogayen ƙasusuwan yaro, irin na cinya da ƙwauri da hannu, kusa da kowane ƙarshe akwai wani siririn layi na guringuntsi da bai zama ƙashi ba tukuna. In kun taɓa cin cinyar ƙaramar kaza kuka ga kan ƙashin ya ɓalle da kansa cikin sauƙi, to daidai wurin nan ne. Daga nan ƙashi yake ƙara tsawo. Idan balaga ta kammala sai layin ya rikiɗe ya zama ƙashi, tsawo ya tsaya. Ga mata yawanci tsakanin shekara 14 da 16 ne, ga maza 16 zuwa 18, wasu sukan ɗan wuce haka.

Nauyin da aka ɗaga daidai ƙarfin yaro, da tsayuwa mai kyau, ba ya rufe wannan layin. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta fitar da matsayarta a 2008, ta sake sabunta ta a 2020, cewa motsa jiki da nauyi ƙarƙashin kulawar wanda ya sani ba ya tauye girman yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a ƙa'idojinta na 2020 ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma kwana 3 a mako su haɗa da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi.

Inda tsoron kawun yaron yake da tushe shi ne rauni. Layin guringuntsin nan ya fi sauran ƙashin laushi. In yaro ya cicciɓi abin da ya fi ƙarfinsa ya kai sama da kai, ya kuɓuce masa, wuyan hannu ya lanƙwashe baya, karaya za ta iya bi ta cikin layin. In ba a gyara daidai ba, wannan ƙashin guda ɗaya zai iya tsayawa ko ya girma a karkace. Ku lura, ƙashin da ya ji ciwon kaɗai, sauran jiki yana ci gaba da girma. Kuma irin wannan karayar ana samun ta a ƙwallo, a faɗuwa daga keke, a faɗowa daga bishiyar mangwaro. Don haka Hajiya, ni abin da ya fi damuna a labarinki shi ne kangon da babu babba a ciki, da simintin da ba wanda ya san kilo nawa ne, da kuma gasar da yara ke yi ta wa ya fi wa.

Inna_ta_Kwarbai:
Likita, Allah ya yi maka albarka. Amma ni tsohuwa ce, na ga abin da na gani. Yaran ƙauye da ke tashi da tulu a ka, da dammunan itace, da masu dako a kasuwa tun suna ƙanana, me ya sa da yawansu ba sa tsawo? Ka ga yaro ɗan shekara 16 kamar ɗan 11. In ba nauyin ba ne, mene ne?

Fisiyo_Zazzau:
Amin Inna, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarki mai nauyi ce. Yaran da kika ambata, ki duba me suke ci, da ƙarfe nawa suke kwanciya, da sau nawa zazzaɓi da gudawa suka kayar da su suna jarirai. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a nan Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Waɗannan yara ne da ba su kai ɗaukar komai ba, tsumburewar ta riga ta same su tun daga ciki zuwa shekara 2 na farko. Su ne kuma talauci ke turawa dako daga baya, sai mu ga kaya a kansu mu ɗora wa kayan laifi. Ita kanta maganar cewa nauyi na hana tsawo, cikin abubuwan da suka yaɗa ta har da wani rahoto daga Japan a shekarun 1960 kan yara masu aikin ƙarfi a karkara, yaran da su ma abincinsu bai wadata ba. Sannan Inna, yini guda ana tura kurar ruwa da yunwa daban yake da rabin awa ana motsa jiki a koma gida a ci tuwo. Na farkon zalunci ne ga yaro ko da bai taɓa tsawonsa ba.

Inna_ta_Kwarbai:
To, Allah ya kyauta. Maganar yunwar dai ba musu.

Mai_Awara_PZ:
Anti Ummu Sadik, a kan ramar ni zan ce wani abu don na gani a kan ƙannena maza. Daidai shekarun nan sukan miƙe lokaci guda, wando ya ɗage, takalmi ya matse, jiki ya zama siriri kamar ba sa cin abinci. Daga baya suke cikowa. Ki duba wandon makarantarsa na bara, in ya ɗage to ba rama ba ce zalla. Amma fa ki ƙara masa abinci, don yanzu ci biyu yake buƙata, na girma da na ƙarfen.

Malamin_Wasanni:
Haka ne. Namiji yakan yi saurin tsawonsa mafi girma wajen shekara 13 zuwa 14, a shekara guda zai iya ƙara santimita 9 ko 10. Tsawo ke gaba, tsoka da faɗin kafaɗa su biyo baya. Yaron da ke ɗaga ƙarfe bai ci ya ƙoshi ba kamar wanda ya kira magini ne bai sauke bulo ba. Kuma ba sai an sayi garin nan na gina jiki mai tsada na cikin roba da ake tallatawa a Instagram ba. Ƙwai guda yana da wajen giram 6 na furotin, wato sinadarin gina jiki. Ga awara, ga wake ko ta wace hanya, ƙosai, alale, shinkafa da wake, ga fura da nono, kindirmo, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, busasshen kifi a miya. Yaro mai kilo 50 da ke motsa jiki sosai, giram 60 zuwa 80 na furotin a yini ya ishe shi, kuma tukunyar gida za ta iya ba shi in ana sa lura. Abin da na fi gani a makaranta shi ne yaro ya fito da safe da ruwan shayi da burodi, da rana ya ci biskit da lemon kwalba, da yamma ya tafi ƙarfe. Ai dole ya rame.

Sai barci. Sinadarin girma ya fi fita a jiki lokacin barci mai nauyi, kuma ɗan shekarunsa awa 8 zuwa 10 yake buƙata. Wanda yake riƙe da waya har ƙarfe 1 na dare, a tashe shi asuba, ya wuce boko, ya dawo ya tafi Islamiyya, wannan wayar ta fi ƙarfen cutar da shi.

Ɗan_Kyamis_Kwangila:
Tunda an zo maganar nauyin jiki, don girman Allah iyaye ku buɗe ido kan sha-ka-fashe. Ina aiki a shagon magani, kuma yanzu ba 'yan mata kaɗai ke nema ba, samari masu ɗaga ƙarfe ma suna zuwa wai suna so su ciko da wuri. Abin da ake haɗa musu galibi deksametason ne da sifroheptadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi da atishawa ne, yana buɗe ciki ya sa barci. Na farkon shi ne babban bala'in. Ruwa da kitse yake tarawa a fuska da ciki da bayan wuya, tsokar hannu da ƙafa kuwa zubewa take yi. Yana haura suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage garkuwar jiki, kuma a jikin yaro yana rage saurin girma. Wato abin da ake zargin ƙarfe da shi, ƙwayar ce take yi da gaske. Wanda kuma ya daɗe yana sha kada ya daina rana guda, zai iya faɗuwa, a asibiti ake janye masa sannu a hankali.

Amaryar_Gyallesu:
Wallahi gaskiya ne. Ɗan yayata haka ya yi a ɓoye. Mu muna murna yaro ya yi kumatu, ashe ciwo ne. Sai da muka ga wasu jajayen zane a cikinsa da cinyarsa, fuskar ta zama zagayayya tana ƙyalli, ƙuraje suka feso masa a baya, tashi daga tsugunne ma sai ya dafa gwiwa. Uwarsa ta samu ƙwayoyin a cikin safa a ƙasan akwatinsa. Wani babba a wurin ƙarfen nasu ne yake sayar musu. An sha wahala kafin ya dawo daidai.

Ɗan_Kyamis_Kwangila:
Allah ya ƙara masa lafiya. Akwai kuma allurar gina tsoka, irin mai sinadarin maza, ita daban ce da deksametason amma ga yaro ta fi muni a maganar tsawo. Tana sa layin guringuntsin da Likita ya yi bayani ya rufe kafin lokacinsa, kuma in ya rufe ya rufe ke nan, ba maganin da zai buɗe shi. Hajiya, ki tambayi yaronki cikin lalama ko akwai wanda ke ba su wani abu su sha ko a yi musu allura.

Bazazzagi77:
To kun gani. Ko ta ƙarfe ko ta ƙwaya, wurin dai shi ne ƙofar. In ta hana shi zuwa ai ta huta da duka biyun.

Kwanji_Danmagaji:
Yaya Bazazzagi, ka yi mana adalci. Ni ɗan ƙarfe ne, kuma ba na jin daɗin yadda ake mana kallon 'yan daba. A unguwarmu yaran da muka taso tare, da yawa waɗanda ba su da abin yi bayan la'asar su ne suka faɗa shaye-shaye. Ni ƙarfe ne ya sa nake ƙin sigari, don washegari numfashina zai gaya min. In ka hana yaro ɗan shekara 14 abin da yake so ba ka ba shi madadinsa ba, zai ci gaba a ɓoye, sai dai ka rasa sanin inda yake. A wurinmu ƙaramin yaro ba ya taɓa babban ƙarfe. Da nauyin jikinsa yake farawa, kifa ciki ya ɗaga jiki da hannu, tsugunawa da miƙewa, jan jiki sama a jikin sanda. Sai mun ga bayansa ba ya lanƙwashewa sannan mu ba shi sanda marar komai, daga nan a riƙa ƙara kaɗan-kaɗan. In ya kwanta a benci dole mutum ya tsaya a kansa.

Fisiyo_Zazzau:
@Kwanji_Danmagaji wannan tsarin naku shi ne daidai. Ma'aunin da za a ba yaro mai sauƙi ne: nauyin da zai iya ɗagawa sau 8 zuwa 15 a jere ba tare da ya murɗe jiki ko ya riƙe numfashi har jijiyar wuya ta fito ba. In sau 2 kawai yake iyawa, ya yi masa yawa. Kwana 2 ko 3 a mako, a bar rana guda a tsakani. A fara da ɗan gudu jiki ya yi ɗumi, musamman da hunturu. Matsalar gwangwanin siminti ita ce gefe ɗaya yakan fi ɗaya nauyi, ba a iya ragewa ko ƙarawa, kuma in simintin ya tsage zai iya zamewa ya sauka kan ƙafa.

Ummu_Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mai Awara, wandon kam ya ɗage, har an sake masa ɗinki. Maganar ƙwaya na tambaye shi ya rantse ba ya shan komai, zan dai ci gaba da sa ido. Likita, ko akwai yadda za a san iya tsawon da zai kai? Mahaifinsa mita 1.72 ne, ni kuma 1.60.

Fisiyo_Zazzau:
Akwai lissafin kintace da likitocin yara ke yi. A haɗa tsawon uba da na uwa a santimita, ga namiji a ƙara 13, ga mace a cire 13, sai a raba biyu. Naku 172 da 160 da 13 ya ba da 345, rabinsa 172.5. Amma zai iya hawa ko sauka da wajen santimita 8, don haka kintace ne kawai, sanin gaibu sai Allah. Abin da zai fi amfanar ku shi ne ku riƙa auna shi a jikin bango duk wata 3, ba takalmi, ku sa alama da fensir. Ku riƙa yi da safe, domin mutum yakan fi tsawo da safe da santimita 1 zuwa 2 fiye da yamma. In alamar tana hawa, hankalinki ya kwanta. In kuma ramar ta zo da tari mai daɗewa, ko zufar dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko kasala, kada ki tsaya zargin ƙarfe, ki kai shi asibiti a duba.

Tsohon_Kurtu:
Tunda soja yake so, bari in sa baki, don ta Depot ɗin nan na Zariya na bi. Tsawon da ake nema ga namiji mita 1.68 ne, kuma sai ya kai shekara 18. Ki gaya masa a can faɗin ƙirji ba ya ceton kowa. Gudu ne, da juriya, da tafiya mai nisa da kaya a baya. Mun ga ƙarti masu damtse sun zube a gudun safe, siraran yaran ƙauye sun wuce su. Ya haɗa da gudu, ya kuma riƙe karatunsa don takardar sakandare ma ana dubawa.

Baban_Khalifa:
Ni tawa matsalar akasin ta Hajiya ce. Nawa ɗan shekara 16 ne, ƙiba gare shi tun yana ƙarami, har yara na tsokanarsa. Ya fara zuwa gidan motsa jiki a Samaru, amma da ya hau sikeli sai ya ga kilonsa bai ragu ba, har ya ɗan ƙaru. Ya karaya yana so ya daina. Abin mamaki kuma bel ɗinsa ya koma ramin ciki.

Malamin_Wasanni:
Alhaji, kada ya daina. Tsoka ta fi kitse nauyi in girmansu ɗaya, ga shi kuma yana kan ƙara tsawo, ƙashi ma yana ƙara nauyi. Bel ɗin ya fi sikelin gaya muku gaskiya. Ya rage lemon kwalba da soye-soye, amma kada a sa shi horon yunwa, yaro mai girma ba a yi masa haka. Kuma na lura yara masu jiki sun fi daɗewa a ƙarfe fiye da gudu, don a nan su ne gaba, ba wanda zai yi musu dariya.

Bazazzagi77:
Ba wanda ya yi maganar ƙaba. Ko ita ma za ku ce ba ƙarfe ke kawo ta ba?

Fisiyo_Zazzau:
Ƙabar yara da samari yawanci daga wata ƙofa ce a matsematsi da ba ta rufe ba tun haihuwa. Yunƙuri mai ƙarfi zai iya turo hanji ta wurin ya bayyana ta, haka ma tari mai tsanani ko yunƙurin bayan gida. Don haka kana da rabin gaskiya a nan. Wanda ya ga kumburi a wurin, yana fitowa in ya tsaya ya koma in ya kwanta, ya ajiye ƙarfe ya ga likita. In ya ƙi komawa ga ciwo da amai, wannan na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi.

Hauwa_Kongo:
Don Allah mu mata fa? Ni ɗaliba ce, ƙanwata mai shekara 15 tana bin darasin motsa jiki a waya da ƙananan ƙarafa a ɗaki. Gwaggonmu ta ce jikinta zai koma na maza, kuma wai yana taɓa mahaifa.

Nas_Wusasa:
Ƙanwata, ki kwantar wa Gwaggo hankali. Sinadarin da ke sa maza tara tsoka kaɗan ne ƙwarai a jikin mace, ƙananan ƙarafa ba za su mayar da ita ƙato ba, kuma ba ruwansu da mahaifa. Ƙashin da ta ƙarfafa yanzu zai amfane ta bayan haihuwa da lokacin tsufa. Abin da za ku lura da shi guda ne: in tana motsa jiki da yawa tana kuma ƙin cin abinci don ta rame, al'ada za ta iya ɗaukewa, wannan kuwa yana cutar da ƙashi. In kun ga haka ku kawo ta. Maganar tsawo kuma, a shekararta ta kusa kammalawa, mace takan ƙara 'yan santimita ne kawai bayan ta fara al'ada.

Gardin_Tukur_Tukur:
Ni dai in yaro ya ji ciwo wajen mai ɗori nake kai shi. Kakanninmu 'yan dambe da kokawa da su suka dogara, kuma sun warke.

Fisiyo_Zazzau:
Malam, ban raina masu ɗori ba, akwai masu hannu a cikinsu. Amma ciwon da ke dab da gaɓa a jikin yaro, wuyan hannu ko gwiwar hannu ko idon sawu, a fara ɗaukar hoton ƙashi. Abin da a babba targaɗe ne, a yaro sau da yawa layin girman ne ya goce. In aka ja aka murɗa aka ɗaure tam da karare, ana iya ƙara lalata wurin, ɗaurin da ya matse kuma yana hana jini gudu. Na sha karɓar yaran da aka kawo bayan hannu ya riga ya kama a karkace, gyaran a lokacin ya fi wuya ya fi tsada.

Gardin_Tukur_Tukur:
Hoton nawa ne yanzu? Ba kowa ke da shi ba, Likita. Shi ya sa muke zuwa inda za a karɓi abin da ya sawwaƙa.

Bazazzagi77:
Na karanta duka, kuma na yarda ƙwaya da yunwa sun fi ɓarna. Amma duk bayanan da kuka kawo cewa suke "in da mai kula". Su waɗancan ƙasashen suna da koci a kowace makaranta. Mu a lungunan Zariya wa zai kula? Har yanzu ni a ganina ɗan shekara 14 ya tsaya a gudu da ƙwallo da motsa jiki da nauyin jikinsa, ƙarfe ya jira.

Kwanji_Danmagaji:
Mu ne za mu kula, Yaya, in iyaye za su daina gudunmu su zo su ga abin da ake yi. Kowace unguwa akwai babba da ya san harkar.

Abu_Hanif:
Nawa sikila ne, shekararsa 15, ya fi sa'anninsa ƙanƙanta, yana ta roƙo in bar shi ya bi abokansa. Shi ma ya halatta?

Nas_Wusasa:
Nasa daban ne, Malam. Masu sikila sukan makara wajen balaga da tsawo, da yawa kuma sukan ci gaba da girma bayan sa'anninsu sun tsaya. Motsa jiki marar tsanani yana da kyau gare shi, amma gajiya mai yawa da ƙarancin ruwa a jiki da sanyi suna tayar da ciwon, wasunsu kuma kan ƙashin cinyarsu yana da matsala ba a sani ba. Kada ya fara sai likitan da ke duba shi ya gwada shi ya faɗi iya abin da zai yi.

Dogon_Samaru:
@Malamin_Wasanni, azumi in ya zo yaran su dakata ne gaba ɗaya? Mu a da bayan tarawihi muke yi, amma na ga wasu yanzu suna yi dab da shan ruwa, ban san wanne ya fi ga ɗan shekara 14 ba.